Amsar maigida: me ya sa mutanen benen nan ke motsi a sandare?

Jiya da yamma, muna jiran a tada janareta, ka yi mini wata tambaya ban amsa ba, saboda hankalina na kan aikin mutane. Ka ce: "Maigida, na kalli fim ɗin katun na Wreck-It Ralph tare da ƙannena. Ƙananan mutanen nan da ke zaune a benen da Ralph yake rusawa, motsinsu a sandare yake, sai ka ce kwamfuta ce ke maƙalewa. Ni kuwa wata uku ke nan kana koya mini motsa zane, kana sa ni maimaita tsallen ƙwallo, kana cewa hannu ba ya tafiya a miƙe, sai ya bi lanƙwasa kamar baka. To su Disney kuskure suka yi, ko kuɗi suka tsuke?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, domin ta nuna idonka ya fara buɗewa. Jawo kujera, yau akwai lokaci.

Bari mu fara kawar da batun kuɗi. An saki fim ɗin a Amurka a watan Nuwamba na 2012, kuma abin da aka kashe masa ya kai wajen dala miliyan 165. Tsawonsa minti 101. Lissafa da kanka, firam 24, wato hotuna 24 a jere, a kowace daƙiƙa, za ka samu sama da firam 145,000. Wanda ya ɗauki wannan nauyin ba zai yi rowar zane biyar a kan ƙafar wani ɗan guntun mutum ba. In kana son shaida, koma wurin bikin cikar gem ɗin da suke zaune a ciki shekara 30, inda Ralph ya hau ɗakin saman bene ba a gayyace shi ba. Ɗaki ɗaya ne, haske ɗaya. Dubi yadda kafaɗarsa ke saukowa a hankali in ya ji kunya, yadda manyan hannuwansa ke biyo jiki a baya saboda nauyi, yadda yake takawa a ɗarare don kada ya fasa wa mutane kaya. Duk abin da nake koya maka yana jikinsa. Gidan da ya motsa Ralph haka shi ne ya sandarar da maƙwabtansa, kuma da gangan ya yi.

Kai ka tashi ka tarar da PlayStation a gidan gem, ana buga ƙwallo har gumin ɗan wasa kana gani. Ba haka abin ya faro ba. Gem ɗin da Ralph yake ciki, Fix-It Felix Jr., ƙirƙirarsa aka yi domin fim, amma an gina shi a kan akwatunan wasa na farkon shekarun 1980, waɗanda ake jefa wa tsabar kuɗi a buga a tsaye. Wanda ya fi kama da shi Donkey Kong ne, na kamfanin Nintendo da ke Japan, wanda ya fito a 1981: ƙaton goggon biri a saman gini yana mirgino ganguna, wani ɗan kafinta yana hawowa daga ƙasa. Wannan kafintan ne daga baya ya zama Mario. Mai zanensa, Shigeru Miyamoto, ba don ado ya sa masa gashin baki ba. Fuskar ta yi ƙanƙanta, babu wurin zana baki, sai ya rufe wurin. Ya ɗora masa hula don ya huta da motsa sumar kai in ya yi tsalle. Ya bambanta launin wando da na riga don a ga hannu in yana lilo.

Ka taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula? Ƙirga zaren yadi yake yi, rami bayan rami, in yana son da'ira sai ta fito hawa-hawa kamar matakala. To haka waɗancan na'urori suke, kowane hoto 'yan murabba'ai ne da ake kira fiksil. Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa, da kiɗansa da duniyoyinsa, kilobait 40 ne kacal, hoto guda da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau da dama. Ƙaramin Mario a cikin gurbi mai fiksil 16 tsaye 16 kwance yake, launinsa uku, tafiyarsa zane uku ne ake jujjuyawa. Babu wurin durƙusawa kafin tsalle, babu wurin sauka a hankali. Ko da akwai wurin ma mai wasa ba zai yarda ba, domin in ya danna maɓalli so yake a yi tsalle nan take, ba sai an tsaya jan numfashi ba. A irin wannan gidan aka haifi mutanen benen da kake magana a kai, kuma labarin ya ce shekara 30 suna ciki. In suka fito suna rangwaɗa kamar gimbiyar tatsuniya, an yi wa mai kallo ƙarya game da asalinsu.

Wani abu da ke burge ni shi ne, a wannan shekarar ta 1981 da Donkey Kong ya fito, wasu tsofaffin masu zanen Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka fitar da littafin da ya jera ƙa'idoji 12 na motsa zane. Daga can na samo abin da nake matsa maka a kai: lanƙwasar motsi, fara a hankali da tsayawa a hankali, matsewa da miƙewa, shiri kafin aiki, da jela ko gefen riga da ke ci gaba da kaɗawa bayan jiki ya tsaya. Sai ga Rich Moore, daraktan wannan fim, wanda ya fito daga aikin talabijin, ya yi The Simpsons da Futurama, ya zo gidan da aka haifi ƙa'idojin nan yana neman a ajiye su a kan wasu 'yan wasa. Mutumin da ya shekara ashirin hannunsa na bin lanƙwasa, in ka ce masa ya ja layi a miƙe, wahala ka ba shi, ba sauƙi ba.

Ga inda nake so ka kasa kunne. Sandarewa iri biyu ce. Akwai ta sojan da ke fareti, akwai ta mutumin da ciwon baya ya kama. Dukansu ba sa lanƙwasa, amma ko yaro ya kalla ya san wane ne ke da iko da jikinsa. Soja yana ɗaga ƙafa a kan bugun ganga, ya dire ta a kan bugun ganga, ya juya kwana cak, ya tsaya ƙyam. Mutanen benen nan fareti suke yi. Koma ka kalle su kana tsayar da hoton firam bayan firam. Za ka ga suna ficewa daga wannan tsayuwa zuwa waccan cikin firam kaɗan, sai su daskare a kai har idonka ya karanta ta. Suna juyawa gaba ɗaya, kai da gangar jiki tare. Suna tafiya a layi miƙaƙƙe, in za su karya kwana sai su karya ta kamar kusurwar bulo. In suna murna sai su yi ta ɗan tsalle sama da ƙasa a wuri guda. Tunda an cire cikon tsakani, wato zanen da ke haɗa wannan tsayuwa da waccan, kowace tsayuwa dole ta faɗi maganarta ita kaɗai. A motsi mai santsi, tsayuwa mai rauni tana iya ɓuya a cikin gudu. A nan ba ta da mafaka.

Kuma abin bai tsaya a jikin mutane ba. Bishiyoyin unguwar masu kusurwa ne. Da Ralph ya fusata ya daki kek ɗin biki, dubi yadda ya fantsama a bango da jikin mutane, hawa-hawa ya fito kamar ɗinkin hular nan. Wani ya zauna ya yi tunanin yadda kek zai fashe a duniyar da ba ta san da'ira ba. Irin wannan kula ita nake so ta shiga jininka.

Sai babban dalilin, wanda ya shafi labari. Wa kake tausaya wa a fim ɗin? Ralph. Ƙato ne mai tsawon ƙafa tara, aikinsa rusa gini, kullum in an gama wasa a jefo shi daga saman bene cikin taɓo, a rataya wa Felix mai gyaran ginin lambar yabo, shi kuma ya je ya kwana a juji a kan fasassun bulo. Maƙwabtansa sun yanke masa hukunci tun shekara 30, ba su da niyyar sake dubawa. Tunaninsu a sandare yake, sai aka sa jikinsu ya nuna haka. Shi kuwa da zuciyarsa ke kai da kawo, aka ba shi jiki mai nauyi da taushi irin namu. Ƙannenka ba su san ƙa'ida ko ɗaya ba, amma tun kafin a yi magana sun gane wane ne bare a ɗakin nan. Felix kuma a tsakiya aka ajiye shi. Yana da tsallen gem mai ƙara, yana da saurin juyi, amma fuskarsa na narkewa in ya ji tausayi, domin shi ne zai fara sauya ra'ayi a cikinsu.

Sauran duniyoyin ma kowace da tsarinta, ba sai na tsawaita ba. Unguwar su Felix murabba'i ce. Hero's Duty, gem ɗin harbi na zamani inda Saja Calhoun take, kusurwa uku ne ko'ina, komai da kaifi, motsin sojojin kusa da na mutum na gaske. Sugar Rush, ƙasar alewa da tseren mota inda Vanellope take, da'ira ce da lanƙwasa, har masu zanenta suka je Basalona a ƙasar Sifen suka kalli gine-ginen Antoni Gaudí. Mahaɗarsu duka ita ce jonin wutar da aka soka akwatunan a ciki, wanda aka mayar tashar jirgin ƙasa mai kama da babbar tashar birnin New York. In ka ga mutanen waɗannan duniyoyi sun tsaya a wuri ɗaya, ko inuwarsu kaɗai aka nuna maka za ka faɗi gidan kowa.

Ni ma na taɓa gwada irin wannan motsi a wani ɗan talla da aka ba ni, na wani shagon waya. Na ɗauka abin da ake bukata shi ne in cire cikon tsakani kawai. Na zaɓi dukkan motsin na mayar da shi mai tsalle-tsalle, na kai wa mai aikin. Ya kalla sau biyu ya ce fayil ɗin ya lalace, in sake turo masa. Gaskiyarsa ce. Abin da ya gani ciwon baya ne, ba fareti ba, domin tsayuwar da na zana ba su da ƙarfi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta bin wani bugu. Kwana huɗu na yi ina sake shi, kuma mafi yawan lokacin a kan takarda ya tafi, ina gyara tsayuwa ɗaya-ɗaya, ina tafa hannu ina ƙirga firam.

Saboda haka tsallen ƙwallo yana nan, ba a ɗage maka shi ba. Amma ga ƙarin aiki na wannan makon. Buɗe manhajar Blender, ɗauki ɗan mutumin nan da muke gwaji da shi. Zai shigo daga hagu, ya ga an fasa masa taga, ya firgita, ya juya ya kira mai gyara. Daƙiƙa huɗu, wato firam 96. Ka yi shi sau biyu. Na farko da cikakkun ƙa'idoji, kamar yadda ka saba. Na biyu kada ka wuce tsayuwa takwas. Zana su a takarda tukuna, ka cike kowace da baƙi ta zama inuwa, ka nuna wa ƙaramin ƙanenka. Duk wadda bai gane abin da mutumin ke yi ba, yage ta ka sake. In sun tsaya, sai ka shigar da su, ka je wurin jadawalin motsi ka danna T ka zaɓi Constant, wato a tsallaka daga tsayuwa zuwa tsayuwa ba ciko, ka kalla a haka. Daga nan ka ba kowane sauyi firam biyu ko uku, kada ka bar kwamfuta ta lanƙwasa maka hanya, kuma ka riƙe kowace tsayuwa har a karanta ta. Ranar Asabar bayan la'asar ka kawo mini duka biyun, da takardun da ka yage, ina son ganin su ma.