Allurar tarin shiƙa ga mai ciki: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, ina aure a Birmingham ta ƙasar Ingila, cikina wata biyar. Ungozoma ta ce in yi allurar tarin shiƙa. Maigidana ya ji ana cewa da alade a cikinta, surukata kuma ta ce ta haifi tara ba a taɓa yi mata ba. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Gaskiyar Hajiya ce, a zamaninsu babu wannan tsari. A 2012 Ingila ta fara yi wa masu ciki allurar, shekarar da cutar ta kashe jarirai 14 a can. Jariri a Ingila sai ya yi sati 8 yake samun allurarsa ta farko, kuma kafin nan ne tarin shiƙa ya fi kisa. Sau da yawa jinjiri ba ya ma yin tarin, numfashinsa ne ke ɗaukewa, leɓɓansa su yi shuɗi. In an yi miki, jikinki zai haɗa garkuwa ta bi ta mabiyiya ta shiga jininsa, ya zo duniya da guzurinsa. Binciken da aka yi a can ya nuna tana kare jarirai da kusan kashi 90 cikin 100. Tsakanin sati 16 zuwa 32 ake so a yi, kuma kowane ciki da tasa.

Batun alade kuwa, ba ƙage ba ne gaba ɗaya. Akwai jelatin na alade, wato wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashinsa, a rigakafin mura da ake fesa wa yara a hanci da wani nau'i na allurar ƙyanda, amma babu shi a wadda ake yi wa masu ciki. Ku je awo tare da maigidan, ya karɓi takardar da ke cikin kwalin ya karanta da idonsa.

Tambaya: Daga Kano nake. Allurar da ake yi mana a damtse ranar awo, ita ce ta tarin shiƙa?

Amsa: A'a. Wannan ta tsinkau-tsinkau ce da mashaƙo, kada ki yi wasa da ita. A Najeriya ta tarin shiƙa ba ta cikin tsarin awo na gwamnati, jaririn ake yi wa a cikin allurar Penta a sati 6, 10 da 14. Kafin nan gadinsa na wuyanki. Ranar suna da kwanakin barka, duk mai tari kada ya ɗauki jaririn, ko da gwaggonsa ce.

Tambaya: Ni ɗalibin ilimi ne. Ciwon da bai zo ba, tarbarsa da allura ba raunin tawakkali ba ne? Shi ya sa na hana iyalina.

Amsa: Malam, fatawa ba fagena ba ce, amma ka fi ni sanin abin da Sayyidina Umar ya yi da ya ji annoba ta ɓarke a Sham. Ya juya da jama'arsa, da aka ce ko gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Ba Musulmi kaɗai ke wannan muhawara ba. A Holan akwai Kiristoci masu tsananin riƙo da ke ganin rigakafi shiga hurumin Ubangiji ne, kuma a cikinsu shan inna ta ɓarke a 1992. Tun da ƙasar ta fara yi wa masu ciki allurar tarin shiƙa a 2019, tambayar taka ta sake zuwa gabansu.

Na kuma san shakkun mutanenmu yana da tushe, gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 bai bar zukata ba. Sai dai dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003 yara ne suka ɗanɗana kuɗarsa, har cutar ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ban yarda da shi ba a wasiƙarka shi ne "na hana". Ita ke ɗauke da cikin, a ji ta bakinta. Ku tafi asibiti tare, ka yi wa likita duk tambayoyin da ke ranka a gabanta.