Amsa ga ƙanwata mai shirin tahowa Faransa da hijabinta

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Saƙonki ya iso, barka da arziki. Kin ce wata jami'a a Lille ta ba ki gurbin digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma, amma Baba ya ƙi sa albarka tun da aka tura masa bidiyo a WhatsApp wai a Faransa 'yan sanda na fizge wa mata hijabi a kan titi. Kin ce ke hijabi har ƙasa kike sawa, in za ki kasuwa ki ɗora niƙabi, kuma kina so in gaya miki gaskiya tsakani da Allah. Na amsa miki a fili ne don ba ke kaɗai ke aiko mini da wannan tambaya ba.

Ki fara kwantar wa Baba da hankali. Babu dokar da ta hana hijabi a titi, ko kasuwa, ko jirgin ƙasa, ko banki, ko asibiti idan ke ce marar lafiyar. Da hijabina nake fita kullum, ɗan sanda bai taɓa tare ni a kansa ba. Niƙabi kam ki bar shi a gida. Dokar 2010 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, ta fara aiki a Afrilun 2011, tarar tana kai wa Yuro 150, kuma da aka kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a 2014 ta goyi bayan Faransa. Idan Baba ya ce to ai ga shi nan, ki tuna masa cewa Chadi ma ta hana rufe fuska a 2015 bayan hare-haren bam na Njamena, haka aka yi a jihar Diffa da Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Sai dai can tsaro ne dalili, nan kuwa cewa suka yi zaman tare ba ya yiwuwa sai ana ganin fuskar juna.

Dokar da ta fi yin suna ita ce ta Maris 2004, wadda ta hana ɗalibai sa duk wata alamar addini mai jan ido a makarantun gwamnati na firamare da sakandare: hijabi, hular Yahudawa, babban kuros, rawanin 'yan Sikh. Rigimar ta samo asali tun 1989, lokacin da aka kori 'yan mata uku daga wata makaranta a garin Creil saboda sun ƙi cire ɗankwali. A 2023 Gabriel Attal, yana ministan ilimi, ya ƙara da abaya da jallabiyar maza. Za ki ga 'yan mata da safe a bakin ƙofar makaranta suna zare hijabi suna cusawa a jaka, da yamma su mayar kafin su hau bas. Har yau abin na sosa mini rai in na gani. Amma wannan doka ba ta shafi jami'a ba. 'Yan siyasa kan taso da maganar duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ba ta dai zama doka ba. Za ki shiga lacca da hijabinki, ki rubuta jarrabawa da shi. Iyaka mai sa ido zai iya cewa ki nuna kunnuwanki kafin a fara, don a tabbatar babu na'urar satar amsa, a ɗakin gwaje-gwaje kuma za a ce ki cusa shi cikin farar riga saboda wuta da sinadarai. Hattara ɗaya ga masu neman kwas na shekara biyu irin BTS: yawancinsu a cikin makarantun sakandare ake yin su, don haka dokar 2004 na hawa kansu ko da ɗaliba ta kai shekara talatin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da masu bidiyon WhatsApp ba su sani ba. Tun dokar 1905 da ta raba gwamnati da coci, Faransa ta tsayu a kan cewa hukuma ba ta da addini, saboda haka duk mai aiki da sunanta ba zai nuna nasa ba a lokacin aiki. Mai zuwa neman hidima yana da 'yanci, mai yin hidimar ba shi da shi. Marar lafiya da hijabinta, nas ɗin da ke duba ta kai a buɗe. Uwa ta kawo ɗanta makaranta da hijabi, malamar aji ba dama. A 2021 aka faɗaɗa wannan har ga kamfanoni masu zaman kansu da aka ba kwangilar aikin gwamnati, irin masu tuƙa motocin sufurin gari.

Ki duba fanninki da kyau. A shekara ta biyu ta digirin, sai kin yi horon aiki na wata huɗu zuwa shida, wanda nan ake ce wa stage, ba a ba da shaidar kammalawa sai da shi. To su wa ke ɗaukar mai karatun lafiyar al'umma? Asibitocin gwamnati, hukumomin lafiya na yankuna, ofisoshin magajin gari, cibiyoyin bincike na gwamnati. Dukkansu hukuma ne. Babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta yanke a 2017, a shari'ar ɗaliban aikin jinya, cewa a aji ɗaliba tana da 'yancin tufafinta, amma ranar da ta shiga asibitin gwamnati horo, hukuncin ma'aikaciya ya hau kanta. Idan kuma kika so zarcewa digiri na uku da albashin jami'a, kin zama ma'aikaciyar gwamnati ke nan, hukuncin ɗaya ne. Na san 'yar'uwa, 'yar Mali, mai ƙwaƙwalwa ƙwarai, malaminta da kansa ya nemo mata irin wannan gurbi, ta yi kuka ta ce ta gode.

Kamfanoni masu zaman kansu kuwa sai yadda ta yiwu. Tun 2016 doka ta ba kamfani damar rubuta a ƙa'idojinsa cewa ma'aikata ba za su nuna alamar addini ko siyasa ba, muddin ya kawo dalili. Wasu sun rubuta, da yawa ba su rubuta ba. Amma ba a rubuce abin ya fi ciwo ba. Za a kira ki a waya a yaba takardunki, ki je ganawa ido da ido, ki ga fara'ar ta ragu tun daga bakin ƙofa, bayan kwana biyu a aiko cewa an sami wanda ya fi dacewa. Ba ki da hujjar kamawa. Akwai hukumar kare haƙƙi da ake kai ƙorafin wariya, Défenseur des droits, tana kuma saurara, amma ɗalibar da wa'adin horonta ya matso ba ta da lokacin shari'a.

'Yan'uwa mata a nan kowa da yadda ta ɓullo wa abin. Wata ta cire a ƙofar ofis ta mayar in an tashi. Wata ta koma ɗaurin ɗankwali da riga mai dogon wuya, in shugabanta mai kawar da kai ne. Wata ta nemi ƙungiyar agaji, ko aikin ƙididdiga da ake yi daga gida a kwamfuta. Ni ban zo yi miki fatawa ba, ba ni da ilimin. Abin da na ƙi shi ne ki iso ba ki san da zancen ba, sai an miƙo miki takarda ki sa hannu. Ki zauna da malamin da kika yarda da shi tun kina gida. Ki haɗa masa da batun hoto: katin zama da za ki nema kafin bizar shekarar farko ta ƙare, ba a karɓar hotonsa sai kai a buɗe, babu togiya ga kowa. Sauƙin kawai shi ne akwai akwatunan ɗaukar hoto masu labule a tashoshi da manyan kantuna, ke kaɗai a ciki.

Mutanen gari fa? Yawancinsu ba su ma san kina yi ba, kowa na sauri. Kallo akwai shi, musamman a ƙananan garuruwa da unguwannin masu hali. Baƙar magana takan zo jefi-jefi, galibi daga wanda ya manyanta, ya faɗa yana wucewa: "nan Faransa ce." Abin na tashi ne yana kwanciya da labaran talabijin. Bayan harin Paris na Nuwamba 2015, da kisan malamin makaranta Samuel Paty a 2020, makonni muka yi muna tafiya a takure, wasu aka tofa musu yawu, wasu aka ja musu mayafi. A 2019 wani ɗan majalisar yanki, Julien Odoul, ya miƙe a zauren majalisa a Dijon ya nemi a sa wata uwa da ta rako 'yan makaranta ta cire hijabi, a gaban ɗanta. Doka na bayan matar, amma yaron ya riga ya yi kuka. A gefe guda kuma, maƙwabciyata Bafaranshiya ce, tsohuwa, ba ta shiga coci ba ta shiga masallaci, ita ke tuna mini azumi ya kusa don ta san za ta sha kunun gyaɗa.

Wani abu da na lura da shi, ko ki ji daɗinsa ko kada ki ji: ba rufe gashin ne ke tsone musu ido ba, siffar tufafin ce. Ranar da na sa atamfa da ɗaurin ɗankwali na yafa gyale, sai yabo, har a tsayar da ni a tambayi inda na sayi yadin. A idonsu wannan ado ne na Afirka. Ranar da na zuro baƙin hijabi har ƙasa, ni ɗin dai ce, amma a bas kujerar kusa da ni ita ce ta ƙarshen cika. Wannan rashin adalci ne, ban ce ki sauya don su ba. Ni dai na tsaya a hijabi mai launi zuwa ƙirji da doguwar riga mai faɗi, da sanyi kuma in ɗora kwat, wanda a Lille za ki sa shi fiye da rabin shekara. Kowa a lulluɓe yake da hunturu.

Kada kuma ki ɗauka Musulmin nan bakinsu ɗaya. Ki je kasuwar Wazemmes ranar Lahadi, ko ki hau jirgin ƙasa zuwa Roubaix, za ki ga 'yan Aljeriya da Maroko da Turkiyya da Senegal da Gini, mahauta na halal a jere. Cikinsu akwai mai sallah biyar da ba ta taɓa rufe kai ba, akwai mai hijabi da wandon jins, akwai 'yar Senegal da kafaɗa a waje da carbi a hannu. Akwai dattijuwar da ta gudo daga yaƙin basasar Aljeriya na shekarun 1990, lokacin da ake kashe mata don sun fita kai a buɗe, da 'yar Iran da ta yi zanga-zanga bayan mutuwar Mahsa Amini a 2022. Irin waɗannan in sun harari hijabinki, ba ƙin Musulunci ba ne kawai, tabo ne. Ki saurare su kafin ki yi musu wa'azi. Za ki kuma haɗu da Balaraben da zai tambaye ki yaushe kika musulunta, sai ki ba shi labarin Kano da Katsina.

Gaisuwa ma ki shirya mata. A nan abokai kan haɗa kunci, maza da mata, a wurin aiki kuma musabaha. Ɗora hannu a ƙirji da murmushi tun kafin mutum ya miƙo nasa yana raba gardama a tsakanin ɗalibai. A gaban hukuma abin ya fi nauyi: a 2018 kotu ta tabbatar da hana wata 'yar Aljeriya zama 'yar ƙasa saboda ta ƙi yin musabaha da jami'ai maza a bikin miƙa takarda. Jami'o'in gwamnati ba su ware ɗakin sallah, ga ranakun hunturu gajeru, azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin lokutan lacca.

Idan niyyarki ki yi karatu ki koma gida, ki taho. A 2025, kuɗin makaranta na digiri na biyu ga baƙi a jami'o'in gwamnati bai wuce kusan Yuro 4,000 a shekara ba, wasu jami'o'in ma sun yafe mafi yawansa, a Ingila kuwa ninkin-ba-ninkin ne. Idan kuma burinki ki zauna ki yi aikin lafiya da hijabinki har ƙasa, Ingilar ta fi miki, can za ki ga likita da malamar makaranta da 'yar sanda da hijabi a bakin aiki. Kafin ki biya ko sisi, ki rubuta wa shugaban kwas ɗinku imel ki tambaye shi abu biyu: a ina ɗaliban bara suka yi horonsu, kuma jami'ar na amincewa a yi shi a wata ƙasa? Da yawa suna amincewa, har ma a Najeriya, in an sa hannu a yarjejeniya. Ki turo mini amsarsa mu duba tare.