Tambaya da Amsa: Me ya sa Norman Lear ya haɗa rubutun barkwanci da aikin furodusa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai rubuta gajerun wasannin barkwanci da muke ɗauka da waya ni da abokaina. Mahaifina yana yawan ambaton The Jeffersons da Good Times, waɗanda ya ce sun kalla a talabijin suna samari, kuma na ga sunan Norman Lear a jikin dukkansu. Wane ne shi, kuma me ya sa marubuci zai ɗora wa kansa aikin furodusa?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. An haifi Norman Lear ranar 27 ga Yuli, 1922, a birnin New Haven na jihar Connecticut ta Amurka, cikin iyalin Yahudawa. Yana ɗan shekara 9 aka ɗaure mahaifinsa saboda sayar da takardun jari na bogi. A 1942 ya bar karatu a kwalejin Emerson da ke Boston ya shiga rundunar sojan sama, inda ya fita kai farmaki sau 52 a Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin mai kula da rediyon jirgi. Bayan yaƙin ya koma Los Angeles, inda shi da abokin aikinsa Ed Simmons suka yi tallar kaya gida-gida suna rubuta barkwanci a gefe, har suka samu shiga cikin marubutan fitattun 'yan barkwanci Dean Martin da Jerry Lewis a farkon shekarun 1950.

A wannan matsayi marubuci ɗan ƙwadago ne kawai. Yana miƙa rubutu a biya shi, sannan wasu su yanke abin da suka ga dama, kuma ba shi da ta cewa. A nan amsar tambayarka ta biyu take. A wurinmu idan an ce furodusa, hankali yakan tafi ga mai kuɗin da ya ɗauki nauyin fim, amma a talabijin ɗin Amurka babban furodusan shiri mai dogon zango shi ne shugaban marubuta, shi ke zaɓen 'yan wasa, shi ke da maganar ƙarshe a kan kowane layi, kuma shi ke ja-in-ja da masu tace shirye-shirye na gidan talabijin. Saboda haka a 1958 Lear ya kafa kamfanin Tandem Productions tare da darakta Bud Yorkin.

Amfanin wannan mataki bai fito sosai ba sai bayan fiye da shekara goma. Lear ya sayi izinin sake tsara wani wasan BBC na Ingila mai suna Till Death Us Do Part, ya mayar da shi labarin Archie Bunker, wani lebura a unguwar Queens ta New York mai ƙyamar baƙaƙen fata da Yahudawa da duk wanda bai yi kama da shi ba, wanda kullum yake cacar baki da surukinsa ɗan jami'a. Sau biyu tashar ABC ta biya aka ɗauki kashin gwaji, sau biyu tana ja da baya. Sai ranar 12 ga Janairu, 1971, tashar CBS ta fara nuna shirin da sunan All in the Family, har da gargaɗi ga masu kallo kafin a soma. Lear yana da shekara 48 a lokacin, kuma ya sha ba da labarin yadda tashar ta nemi ya cire wani layi daga kashin farko ya ƙi, domin ya san idan ya sakar musu a ranar farko ba za su daina ba. Marubucin haya ba ya iya wannan taurin kai. Shirin ya yi shekara biyar a jere yana kan gaba a yawan masu kallo a Amurka, kuma a gaban 'yan kallo na zahiri ake ɗaukarsa, ta yadda dariyar da ake ji tasu ce.

Daga nan shirye-shirye suka yi ta biyo baya: Sanford and Son da Maude a 1972, Good Times a 1974, sai The Jeffersons a 1975, wanda ya kai har 1985. A Nuwamban 1972 Maude ya taɓo batun zubar da ciki, wata biyu kafin Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncinta a kansa, kuma wannan kashi na shirin ya jawo zanga-zanga, har wasu tashoshi suka ƙi nuna shi.

Sai dai ina so ka dubi Good Times da kyau, domin ikon da ya kare rubutun Lear daga tashoshi shi ne kuma ya danne na wasu. Baƙaƙen fata biyu ne suka ƙirƙiro shirin, Eric Monte da Mike Evans, a kan wani iyali matalauta a Chicago. John Amos da Esther Rolle, waɗanda suka fito a matsayin uba da uwa, sun yi ta kokawa cewa marubutan, waɗanda akasarinsu farare ne, sun mayar da babban ɗan gidan wawa don neman dariya mai arha. A 1976 aka sallami Amos, aka kashe halin da yake takawa a haɗarin mota, Monte kuma ya kai ƙara kotu a 1977 yana neman haƙƙinsa. A ganina 'yan wasan suna da gaskiya. Tun da kai da abokanka kuke aiki tare, yana da kyau ku rubuta yarjejeniya tun yanzu a kan wanda ya mallaki labari da wanda ke da maganar ƙarshe, kafin kuɗi su shigo.

Ko Archie kansa bai tsira daga suka ba. Wani bincike da Neil Vidmar da Milton Rokeach suka wallafa a 1974 ya nuna cewa masu kallon da ke da irin ra'ayinsa sun fi karkata ga ganinsa a matsayin mai faɗin gaskiya, alhali an ƙirƙire shi ne don a yi wa ra'ayin nasa dariya.

Lear bai yi ritaya ba. A farkon shekarun 1980 ya kafa ƙungiyar fafutukar siyasa mai suna People For the American Way, ya kuma ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a 2019 da 2020, ta biyun yana da shekara 98. Ya rasu a Los Angeles ranar 5 ga Disamba, 2023, yana da shekara 101. Kujerar da Archie ke zama a kai tana gidan tarihi na Smithsonian a Washington tun 1978.