Mijina zai ja karaban zuwa Alice Springs a watan Disamba, hankalina bai kwanta ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A birnin Adelaide na Ostireliya muke zaune. Maigidana ya sayi karaban, tirelar nan da ake kwana a ciki, ake ja a bayan mota, yana son mu tafi Alice Springs, can tsakiyar ƙasar, da yara uku a hutun Disamba, mu bi ta hanyar Oodnadatta. Ya ce ko mota ta lalace, lambar gaggawa tana shiga ko'ina, in ma ta ƙi zai taka da ƙafa ya nemo taimako. Ni dai gabana faɗuwa yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Faɗuwar gabanki tana kan hanya. Disamba tsakiyar zafi ne a Ostireliya, kuma a Oodnadatta ɗin nan aka auna digiri 50.7 a Janairun 1960. Masu karaban daga Mayu zuwa Satumba suke shiga wannan daji. In dole sai yanzu, ku bi Stuart Highway, kwalta ce har Alice Springs, kimanin kilomita 1,500 daga Adelaide. Ku cika tanki a Glendambo, domin babu gidan mai sai Coober Pedy, kusan kilomita 250, ga mota mai jan kaya da shan mai. Kada ku yi tuƙin magariba saboda kangaru da shanu. Hanyar Oodnadatta kuwa burji ce mai gargada, tana kwance kusoshin karaban, tana fasa taya.

Maganar "zan taka da ƙafa" ce ta fi tayar min da hankali. Kullum sai na ji ta, kuma daga bakin maza masu ji da ƙarfi. Ita ce ke kashe mutane a wannan daji. A Disambar 1963, iyali guda, mutum biyar, suka maƙale a kusa da hanyar Birdsville, suka bar motarsu, gawarwakinsu aka tarar. A Disambar 1998 wasu 'yan yawon buɗe ido biyu daga Turai motarsu ta kafe a yashi a bakin tafkin Eyre. Matar ta nufi ƙauyen William Creek da ƙafa, ta rasu a hanya. Namijin da ya koma wurin mota ya rayu, kuma akwai ruwa a motar.

Dalilin a fili yake. Mai tafiya a irin wannan rana yana iya zubar da gumi fiye da lita guda a awa, ruwan da zai iya ɗauka ba zai kai shi ko'ina ba. Kafin ƙafa ta gaza, tunani ne ke fara rikicewa: mutum ya saki hanya, ya tuɓe riga, ya yar da gorar da sauran ruwa a ciki. Jirgin masu ceto yana hango farar karaban daga nesa, amma mutum ɗaya cikin jan yashi ba ya ganuwa. Karaban ita ce inuwarku, ita ce rumbun ruwanku. Ku zauna a gindinta, ku ɗaura tamfol, ku buɗe bonet, ku daina zirga-zirga sai rana ta yi sanyi.

Batun waya kuma, masu yaɗa wannan jita-jita a WhatsApp su ji tsoron Allah. Lambobin gaggawa na 000 da 112 sai inda akwai sabis na wani kamfani suke shiga. Inda babu eriya ko ɗaya, babu kira. Wasu sababbin wayoyi suna iya tura saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam, amma ba zan ɗora ran yara uku a kan batirin da zafi ke kashewa ba. Ku sayi na'urar kiran ceto ta PLB, ku yi mata rajista a AMSA, hukumar da ke kula da kiran ceto, rajistar kyauta ce, ko ku yi hayar wayar satilayit. Ku sa rediyon oba-oba na UHF, direbobin dogayen tireloli suna kan tasha ta 40.

Ruwa, ni lita 10 nake ƙiyasta wa kowane mutum a rana, da ƙarin na kwana uku, a jarkoki daban-daban, don tankin ƙarƙashin karaban dutse ɗaya ke huda shi. Safaya biyu. Ku bar wa wani amintacce hanyar da za ku bi da ranar da zai kira 'yan sanda in bai ji ku ba.

Alhaji kuma, ina gaisuwa. Yaran nan amana ce a hannunka. In ka bar su a mota ka tafi, ka raba ruwan biyu, ka kuma raba masu neman ku biyu. Ka ɗaga tafiyar zuwa hutun Yuli.