Tambaya da Amsa: Ƙadangare mai kalar tuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton wani ƙadangare a Facebook, bayansa baƙi, cikinsa ɗorawa, wutsiyarsa shuɗiya doguwa kamar bulala, aka ce wai a wani tsibiri yake kuma ya kusa ƙarewa a duniya. Dan Allah da gaske ne ko haɗin kwamfuta ne kawai?
Mai karatu daga Damagaram

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Da gaske ne wallahi, ba haɗi ba ne. A ƙasar Sent Lusiya yake, can yankin Karibiyan, kuma kalolin nasa sun yi daidai da na tutar ƙasar shi ya sa mutanen can suke ji da shi. Namiji ka gani, ita macen ruwan ƙasa ce da zane-zane a jiki.

Ba irin jan gwadan da ka saba gani kan katanga ba ne, shi a ƙasa yake rayuwarsa, yana tona busassun ganye yana neman gara da ƙwari da 'ya'yan itacen da suka faɗo, ƙwai ma a ƙasa ake sakawa. Toh nan fa matsalar take. Turawan mulkin mallaka sun kawo tunku tsibiran nan a ƙarni na 19 wai ya kashe ɓeraye da macizai a gonakin rake, alhali tunku da rana yake farauta ɓera kuwa sai dare, sai gogan ya koma kan ƙadangaru da tsuntsaye, ga ɓeraye da maguna su ma suna nasu ɓarnar. Yanzu babu ƙadangaren nan a babban tsibirin Sent Lusiya kwata-kwata.

A 1958 masana suka gano shi a wasu 'yan tsibirai biyu da ake kira Mariya, kusa da garin Vieux Fort, inda tunku bai taɓa ƙetarawa ba. Ka ga kuwa tara duka jinsi a wuri ɗaya ganganci ne, ɓera mai ciki guda ta shiga kwalekwale ta sauka can an shiga uku. Shi ne a 1995 ma'aikatar gandun daji ta ƙasar tare da ƙungiyar kare namun daji ta Durrell suka kwashi guda 42 suka kai wani ɗan tsibirin ƙasar mai suna Praslin bayan an kashe ɓerayen wurin, kuma sun hayayyafa. Har yanzu dai yana cikin haɗari, don haka ba a shiga Mariya sai da izini da ɗan rakiya.