Hukuncin Aiki a Shagon Tabar Wiwi Mai Lasisi a Kanada

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Kanada, kuɗin da ake turo mini daga gida ba sa kai ni ƙarshen wata. Wata biyu ke nan ina aiki a wani shago da gwamnati ta ba lasisin sayar da tabar wiwi ga masu shan nishaɗi, ni ne a kan kanta ina karɓar kuɗi. Ban taɓa sha ba. Wani abokina mai ɗan karatu ya ce kada in damu: ƙasar ta halatta, Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ta daga miyagun ƙwayoyi, kuma Imam Ƙarafi, malamin mazhabarmu, ya ce wiwi ba giya ba ce. Mene ne hukuncin aikina da albashina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, da a ce hankalinka ya kwanta da maganar abokinka, ba za ka rubuto ba. Allah Ya ƙara maka tsoronSa.

Hukuncin ya rataya ne a kan kalma guda da ka faɗa da bakinka, wato nishaɗi. Wanda ya shigo shagonku maye ya zo saya, kai kuma da hannunka kake miƙa masa. Wannan aiki haramun ne, kuɗinsa ma haka, domin idan Allah Ya haramta abu Ya haramta kuɗinsa. Rashin shanka alheri ne, amma bai fitar da kai ba. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya ya ambaci mai sayarwa da mai dako da mai cin kuɗin, alhali mai yiwuwa babu wanda ya kurɓa a cikinsu.

Batun halattawar Kanada ba ya buƙatar dogon bayani. Dokarsu ta fara aiki ranar 17 ga Oktoba, 2018, amma giya da naman alade sun riga wiwi samun lasisi a can, kuma ba ka taɓa tambayata a kansu ba. Dokar ƙasa tana ɗauke maka kamun ɗan sanda ne kawai.

Labarin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, abokinka rabinsa ya ji. Yarjejeniyar miyagun ƙwayoyi ta 1961 ta sa wiwi a jadawali biyu, na ɗaya da na huɗu. A Disamba 2020 hukumar Majalisar mai kula da miyagun ƙwayoyi da ke zama a Biyana ta jefa ƙuri'a, ƙasashe 27 suka rinjayi 25, aka cire ta daga na huɗu, wanda na abubuwan da ake ganin kusan ba su da amfani a magani ne. Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Har yau wiwi tana jadawali na ɗaya, inda ba a yarda da ita ba sai don magani da binciken kimiyya. Shi ya sa hukumar da ke sa ido kan yarjejeniyar ta ce matakin Kanada ya saɓa wa abin da ta sa wa hannu. Ko a ma'aunin nasu, shagonku bai tsira ba.

Maganar Ƙarafi ita ce ta cancanci a tsaya, domin samari da yawa sun mayar da ita garkuwa. Gaskiya ne a cikin littafinsa Al-Furuƙ ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai bugarwa, mai ɓata hankali kamar banju, da mai kwantarwa. Ya sa hashish, wato wiwi, a na biyu. Hujjarsa ita ce giya tana kawo annashuwa da ƙarfin hali da son rigima, mai hashish kuwa sai ya yi lamo, ya yi shiru. A kan haka ya ce ba a yi masa haddi sai ta'aziri, ganyen ba najasa ba ne, kuma ɗan kaɗan da bai taɓa hankali ba bai haramta ba.

To, ka duba da kyau. Saɓanin a kan bulala tamanin na haddi ne da tsarkin tufafi, wato ko salla ta yi idan ganyen yana aljihu. Gwargwadon da ke juya kai, Ƙarafi da kansa haramta shi ya yi. Wa ya taɓa shiga shagonku ya ce a ba shi wadda ba za ta yi masa komai ba? Ai a jikin kowane ƙunshi an rubuta yawan sinadarin THC mai sa maye, mai saye kuma wannan lambar yake dubawa. Sannan ko a cikin mazhabar ba a bar maganar haka ba. Shaihu Manufi, malamin Shaihu Khalil mai Muhtasar, ya zaɓi cewa mai bugarwa ce, ya ce ana ganin masu shanta suna sayar da dukiyarsu dominta, da ba su jin daɗi a ciki ba za su yi ba. Ni wannan na fi karkata gare shi. Sayyidina Umar ya faɗa a kan mimbari cewa giya ita ce abin da ya lulluɓe hankali, bai gindaya sharaɗin sai mutum ya yi ihu ko dambe ba. Ƙarafi ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, bai ga irin da ake renonta yau a ɗakunan gilashi don ƙarfinta ya ninka ba. Wanda ya taɓa kai yaro asibitin ƙwaƙwalwa saboda wiwi ba zai yi wannan gardamar ba.

Da a kantin magani kake, likita yana rubutawa, amsata da ta canza. Akwai maganin da ake tacewa daga ganyen, mai sinadarin CBD wanda ba ya sa maye, Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara. Wannan ba laifi idan amintaccen likita ya ga buƙata.

Kada ka kira halinka lalura. Matsi ne, na sani, ga haya ga sanyi ga baƙunta. Amma garin da ke da ɗakunan ajiyar kaya da aikin kai saƙo da shara, ƙofar halal ba ta rufe ba, ko da albashin bai kai ba. Ka ajiye aikin, ka je masallacin unguwarku ka faɗa wa limami halinka, kada kunya ta hana ka. Abin da ka riga ka ci bisa fatawar da ka zaci daidai ce, ka yi istigfari, ina fatan Allah Ya yafe. Abin da ya rage a hannunka ka fitar da shi ga mabukata. In kuwa babu abin da za ka ci sai shi, ɗauki gwargwadon buƙata har ka samu wani aikin.

Abu na ƙarshe ba ka tambaya ba. Tunda an san inda kake aiki, watarana wani zai ce ka riƙo masa ɗan ƙunshi in za ka gida, ko ka aika ta jirgin kaya. Kanada da kanta ta hana ƙetare iyakarta da wiwi, hukumar NDLEA kuma ta sha kama wadda ake kira Loud a tashoshin Legas. Ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, kada ka karɓa. Abokin nan naka kuma ka karanta masa wannan amsa cikin ladabi.

Wallahu a'alam.