Tambaya da Amsa: Da Me Zan Ɗaga Mashin Ɗina a Gida?

Wasiƙun wannan makon daga Zariya suka zo, kuma duk sun haɗu a kan abu guda: yadda mutum zai ɗaga mashin a tsakar gida ya yi masa ƙananan gyare-gyare ba tare da ya faɗo masa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Bajaj Boxer da nake zuwa aiki da shi daga Gyallesu zuwa Samaru. Ina so in riƙa gyara sarƙa, juye baƙin mai da cire taya da kaina ranar Asabar. Akwai jak ɗin mota a gidanmu. Zai yi, ko sai na sayi na mashin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kashe ko sisi, durƙusa ka duba babban sitan ɗin mashin ɗinka, wanda makanikai ke ce wa dabul. Idan ƙafafunsa ba su lanƙwashe ba, sifirin ɗinsa na da ƙarfi, kuma tayar baya tana tashi daga ƙasa idan ka kafa shi, to biyu daga cikin ayyuka ukun da ka lissafa ba sa bukatar jak. A kan dabul ake juye mai, domin sai mashin ya tsaya cak ma'aunin mai yake faɗin gaskiya. A kansa kuma ake juya taya a nemo inda sarƙa ta fi ɗaurewa, a bar mata wasa na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Kada ka ɗaure ta tamau, domin da zarar ka ɗauki mutum a baya za ta ƙara miƙewa, ta ci sufuroket da boris.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne nauyi ba shi ne matsala ba. Irin mashinan da suka cika titunan Zariya ba su wuce kilo 100 zuwa 130 ba, alhali ƙaramin jak ɗin mota yana ɗaukar tan guda ko fiye. Matsalar ita ce daidaito. Mota tana kan tayoyi uku lokacin da ka ɗaga na huɗu. Mashin kuwa, da ka ɗaga shi a kan jak mai kai kamar murfin kwalba, babu abin da ya hana shi karkata hagu ko dama. Saboda haka jak ɗin mota ɗan taimako ne ga dabul, ba ya maye gurbinsa.

Inda yake da amfani shi ne cire tayar gaba. A kan dabul, gaban mashin ne ke zaune a ƙasa. Ga yadda za ka yi. Tun mashin yana ƙasa, ka sassauta notin shaf ɗin taya kaɗan, domin ƙarfin da ake sa wa sifana wajen kwance noti mai tauri shi ne ke kayar da mashin ɗin da ke sama. Kafa dabul a kan daɓen siminti, ka sa giya ɗaya. Ɗauko igiya mai ƙarfi ka ɗaure ƙafar dabul zuwa ƙarfen shasi na gaba, saboda dabul yana naɗewa ne idan mashin ya zame gaba, igiyar ce za ta hana shi. Sai ka sa guntun katako mai kaurin inci biyu tsakanin kan jak da ƙasan inji ta gaba, ka murɗa a hankali har tayar gaba ta bar ƙasa da kamar yatsa biyu. Ya isa haka. Idan ka ci gaba da murɗawa, tayar baya za ta dafe ƙasa, dabul ya fara tashi, nan take mashin ya koma kan jak shi kaɗai.

Katakon nan ba ado ba ne. Gindin inji na alminiyom ne, kan jak kuma ƙarfe ne, idan suka haɗu kai tsaye alminiyom ne zai tsage. Ka kuma kauce wa notin juye mai, salansa da sandar birki. Wanda ya ɗora nauyin mashin a kan notin mai yakan lalata zarensa, daga nan sai ɗigon mai da ba ya ƙarewa.

Tsakanin jak ɗin mota iri biyu, mai almakashi da ake murɗawa ya fi mai siffar kwalba dacewa da wannan aiki. Yana kwanciya ƙasa sosai, yana tashi sannu a hankali, kuma ba ya sauka da kansa. Mai kwalba sau da yawa ya fi tazarar da ke ƙarƙashin inji tsayi, musamman bayan ka ƙara katako.

Tambaya: Ni ɗan acaɓa ne a Kwangila. Na cire dabul ɗina tuntuni don yana gugar ƙasa a kan tudun rage gudu idan na yi lodi. Yanzu bulo nake sawa a ƙarƙashi. Akwai laifi?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma babba. Bulon siminti ba ya lanƙwashewa ya ba ka gargaɗi, marmashewa yake yi lokaci guda, ballantana idan an kwantar da shi ramukansa na kallon gefe, ko kuma yashi ya fi siminti yawa a cikinsa. A lokacin kuwa hannunka na tsakanin taya da ƙarfe.

Shawararmu ta farko ita ce ka mayar da dabul. Gugar ƙasan da yake yi yawanci alama ce ta sifirin da ya saki ko shokazoba da ta mutu, kuma duka biyun ana samunsu wajen masu sayar da kayan mashin a Sabon Gari. Idan ka nace ba ka son sa, to kai ne mutumin da ya dace ya sayi jak na mashin, mai almakashi da faffaɗan kai da aka lulluɓe da roba. Yawancinsu an rubuta musu kilo 500, suna kwanciya zuwa wajen santimita 10. Kafin ka je kasuwa, ɗauki tef ka auna abu biyu: tazarar ƙasan inji daga ƙasa, da faɗin wurin da ya miƙe sumul a ƙarƙashin. Idan salansa ta fi inji saukowa, jak ɗin ita zai fara kamawa, sai ka cike bambancin da katako biyu a gefenta. Wannan ya fi damun masu mashin roba-roba, domin injinsu rataye yake ba shasi a ƙarƙashinsa, ga kuma robobin bodi da ke fashewa.

Ko da wannan jak, sai ka ɗaure mashin. Bel biyu na ɗaure kaya, ɗaya kowane gefe, daga kan mashin zuwa wani abu da ba ya motsi, kamar ginshiƙin baranda. Ka tuna da zarar ka zare taya ɗaya, wancan ɓangaren ya rage nauyi, sai mashin ya rinjaya zuwa ɗayan. Ajiye kututture a ƙarƙashin tayar da ta rage tun kafin ka zare shaf.

Wasu kan sa mai walda ya ƙera musu sitan mai kama ƙarfen tayar baya ta gefe biyu. Yana yi, matuƙar an yi da bututu mai kauri, ba ragowar ƙarfen gado ba, an buɗa ƙafafunsa sun fi faɗin mashin, an kuma naɗe bakin da roba. Lokacin ɗorawa ka samu wanda zai riƙe maka kan mashin.

Da damina kuma, idan tsakar gidanku ƙasa ce, shimfiɗa faffaɗan katako tukuna. Ƙasar da ta sha ruwan Agusta tana nutsar da ƙafa ɗaya ta bar ɗaya.

Tambaya: Na sayi jak mai aiki da mai, na hannu ne ba sabo ba, a Tudun Wada. Idan na ɗaga mashin, bayan minti goma sai in ga ya sauko. An ce in zuba man birki.

Amsa: Kada ka zuba. Robobin cikin jak an yi su ne don man jak, man birki yana kumbura su ya lalata su, sai ɗigo ya koma zuba. Fara da abu mai sauƙi: sauke jak ɗin har ƙasa, buɗe toshiyar roba da ke jikinsa, ka duba ko mai ya kai bakin ramin. Idan ya gaza, cika da man jak. Sannan ka buɗe makunnin saukewa, ka buga sandar sau goma zuwa goma sha biyar don iska ta fita, ka rufe, ka gwada. Iska ce ke sa jak ya yi laushi ko ya ƙi kaiwa sama. Idan har yanzu yana saukowa da kaya a kansa, oyil-sil ya mutu ko datti ya maƙale a bawul, sai an buɗe shi.

Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar irin wannan jak. Tana manne wa sandar da ke fitowa, ta shiga da ita ciki ta kankare roba. Goge sandar kafin ka sauke, ka ajiye jak a tsaye, a sauke, cikin buhu. Ko sabo ne dal, kada ka bar mashin ya kwana a kan ƙarfin man jak kaɗai. Sa makullin ƙarfen da ya zo da shi, idan babu ka tokare da katako, ka kuma hana yara zuwa wurin.

Tambaya: Mahaifinmu a Kofar Doka yana son gyara mashin ɗinsa da kansa, amma baya na damunsa. Mun ga wani teburi da ke ɗaga mashin gaba ɗaya. Mu saya masa?

Amsa: Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Teburin nan na gareji ne: tsawonsa ya haura mita biyu, shi kansa ya fi mashin ɗin nauyi, kuma sai an tura mashin an hau da shi, wanda shi ne aikin da ya fi cutar da baya. Ku gyara masa dabul, ku shafa giris a mahaɗarsa, ku samo masa gajeriyar kujera irin ta tsakar gida da tire na zuba notuna kusa da hannunsa. Wajen kafa dabul kuma ya taka da nauyin jikinsa, ƙafa a kan harshen sitan, hannu a kan kariyar ɗora kaya yana ja baya, kada ya ciccibi mashin da ƙugu. Ranar cire taya, ɗayanku ya tsaya tare da shi.